Zangon da Ya Zama Gari: Tarihin Wurin Kwanan Alhazan Ƙafa a Jazira da Shuɗin Nilu

Ina gabatar da wani shiri na tarihi a gidan rediyo a Kano kowace ranar Asabar da dare. Wani mako muna hira a kan alhazan ƙafa, wato mutanenmu da suka riƙa tafiya Makka a ƙasa kafin zuwan jirgin sama, sai wata tsohuwa ta bugo waya daga wajen Bichi. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗan nan, kun ce sukan yi shekara uku, wasu biyar a hanya. To a ina suke kwana?" Na ce, "A zango, Hajiya." Ta ce, "Zangon wa?"

Duk wanda ya taɓa zama gaban makirufo ya san nauyin shiru na daƙiƙa biyar. Ban da amsa. Ta ce yayanta ne ya bi iyayen goyonsa gabas tun tana ƙarama, bai dawo ba, kuma abin da ya fi damunta duk tsawon shekarun nan shi ne tunanin inda yake shimfiɗa tabarmarsa idan dare ya yi. Tambayar nan ce ta sa a ƙarshen 2017 na ɗauki hutuna, na hau jirgi zuwa Khartum, wani abokina da ke karatu a can ya raka ni kudu, zuwa Wad Madani da Sinnar da ƙauyukan Hausawa da ke tsakaninsu. Abin da na gani da abin da na karanta bayan na dawo shi ne nake so in shimfiɗa a nan.

Hanyar gabas

Hanyar sananniya ce. Daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a gangara Barno, a tsallaka Kusuri zuwa Fotlami wadda yau ake kira Njamena, a bi ta Abeshe a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Jinena, daga nan Fashir ko Nyala, sai Nuhud da Ubayyid a Kurdufan, a tsallake Farin Nilu a Kosti, a faɗa Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Wanda Allah ya nufa sai ya wuce Gadarif da Kasala zuwa Sawakin, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta dubban kilomitoci, kuma akasarin masu yin ta talakawa ne, da mata da yara da jakuna, guzurinsu ba ya kai su ko rabin hanya. Tun a 1814 wani matafiyi Bature mai suna Burckhardt ya ci karo da irin waɗannan alhazai a Sudan, ya rubuta labarinsu. Larabawan ƙasar suna kiran su Takarir ko Fallata, ba tare da bambanta Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ba.

A cikin manyan garuruwa akwai unguwar baƙi, akwai mai masauki, akwai ɗan'uwa da ya riga ka zuwa. Amma tsakanin gari da gari kwanaki ne na daji, kuma a nan ne tambayar Hajiya take da ƙarfi. Mutum ba shi da kuɗin haya, ba shi da dangi, bai iya Larabci ba, ga rana ta yi ja. Ina zai sauke kaya?

Ilimin zaɓen wuri

A wani ƙauye kusa da Wad Madani aka haɗa ni da wani dattijo da ya haura tamanin. Ya ce yana da kamar shekara goma mahaifinsa ya taso da su daga ƙasar Gaya. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakana, sai dai jefi-jefi Larabci yana kutsowa ciki. Muna zaune a ƙarƙashin rumfar kara da suke kira rakuba, jikarsa ta kawo mana gahawa a tukunyar ƙasa, na maimaita masa tambayar tsohuwar Bichi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai daji ma da masu shi. Wanda bai san haka ba bai kai Abeshe ba."

Sai ya shiga lissafa mini, ni kuwa na kunna na'urar ɗaukar magana. Ya ce ba a sauka a bakin rijiya, domin rijiya tana da wanda ya haƙa ta, kuma da asuba garken shanu ko raƙuma zai zo ya tattake ka. A ɗebi ruwa da izini, a cika salka, a matsa gaba. Ba a sauka a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, domin ana iya yin ruwa a wani dutse mai nisa da ba ka ko ga hadarinsa ba, tsakar dare ya zo ya kwashe ku. Ba a sauka a kan burtali. Ba a kusantar inda aka ga itatuwan ɗakwara an tsattsage bawonsu, domin a Kurdufan wannan gonar ƙaro ce, ko da ba ka ga shinge ba. Haka kukokin Dar Hamar da ke wajen Nuhud: mutanen wurin suna rarake cikin kuka su tara ruwan damina a ciki, kowace kuka da gidan da ya mallake ta, wanda ya taɓa ta ya taɓa ran mutane.

Na ce, "To Baba, ina ya rage?" Ya ce abin da jagaba yake nema shi ne tsohon murhu. Idan ka ga duwatsu uku da toka, ka ga an jera ƙananan duwatsu an yi siffar masallaci yana kallon alƙibla, to wasu sun kwana a nan kafin ku kuma ba a kore su ba. Wuri mai ɗan tudu, kusa da aduwa ko magarya, inda za a ji haushin karnukan ƙauye amma ba a ganin cikin gidajen mutane. Idan ka yi nisa da yawa ka zama abincin kura da ɓarayi, idan ka matso da yawa ka zama mai leƙen matan mutane. Kafin a sauke ko da ƙwarya ɗaya, madugu zai tura dattawa biyu wurin shehin ƙauyen, ɗaya daga ciki mai ɗan Larabci, su yi gaisuwa, su ce alhazai ne, gobe za su wuce. Da wuya a hana. Sau da yawa ma akan aiko da tuwon dawa da nono, a roƙi malamin ayari addu'a ko rubutun sha. Daga nan a sari ƙaya a yi shinge, mata da yara a tsakiya, jakuna kusa da su, maza a gefe, wuta ba ta mutuwa har asuba. Da safe a kashe wutar da ƙasa, a bar ragowar itace a gefen murhu saboda na baya.

Wannan tsari ba a Sudan aka ƙirƙiro shi ba. Shi ne na fataken goro da suka yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, da madugunsu da jagabansu da uban dawakinsu, kuma daga irin zangonsu ne unguwannin Zango na Kumasi da Akara suka samo suna. Bambancin shi ne fatake suna biyan fito da kuɗin sauka ga sarakunan hanya, alhaji kuwa rigarsa ta ibada ita ce takardar izininsa. Musulmin da ke hanya suna ganin ciyar da shi lada ne. Fiƙihun Malikiyya da ɓangarorin biyu suka tashi a kai shi ma ya ba da ƙofa: ruwa da ciyawa da itacen wuta na daji na kowa ne, rijiya da gari suna da hurumi da ba a shiga, kuma ƙasar da ta mutu wanda ya raya ta yana da haƙƙi a kanta. Saboda haka wurin kwanan alhaji kyauta ne, amma ba don babu mai shi ba. Kyauta ne domin masu shi sun yarda, bisa sharaɗin da kowa ya sani ba sai an faɗa ba: gobe za ku tashi.

Goben da ba ta zo ba

Matsalar ita ce damina. Da ruwa ya sauka hanya takan mutu, musamman a baƙar lakar da ke shimfiɗe daga Barno har Jazira, wadda ke riƙe ƙafar jaki kamar danƙo. Guzuri kuma ya ƙare. Sai ayari ya koma wurin shehi da wata buƙata dabam: a ba su daji su share su shuka dawa, idan an girbe su ba da kaso, su wuce. Bukkar kwana ɗaya ta zama ta wata biyar. Kafin kaka wata ta haihu, wani tsoho ya rasu an binne shi a gefen gona, wani ya ci bashi. A ce sai baɗi. Dattijon nan ya ce sun yi damina a Wadai, sun yi biyu a Kurdufan, suka iso Jazira yana saurayi. Mahaifinsa ya rasu yana tara kuɗin jirgin Sawakin. Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a 1995 a kan waɗannan ƙauyuka, inda ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a Sudan suke ci gaba da kiran kansu alhazai da ke kan hanya. Na ji wannan da kunnena. Da na tambayi wani magidanci me ya sa bai yi ginin bulo ba, sai ya ce, "Mu ai matafiya ne."

Babban zangon da ya fi kowanne suna shi ne Mai Wurno. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya yi hijira gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, Turawa suka cim masa a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar mutanen suka ci gaba. A 1906 suka iso bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, wajen ƙauyen Shaihu Ɗalha inda akwai Fulanin da suka riga su zama, daga baya suka kafa nasu garin a ɗaya gaɓar kogin, ya ɗauki sunan shugabansu. Abin mamaki, Turawan Ingila da suka gudo wa a Sakkwato su ne suka tarar suna mulkin Sudan tun bayan da suka karya daular Mahadi a 1898. Sun yi musu kallon tsoro saboda zargin Mahadiyanci, amma yaƙe-yaƙe da yunwa sun rage mutanen ƙasar, ana neman hannun noma. Sai aka bar su, aka amince da sarautar Mai Wurno, daga garinsa kuma ƙauyukan Fulani da Hausawa suka yi ta tsirowa a gaɓar kogin, suna gangarawa kudu wajen Rusairis. Na yi sallar Juma'a a Mai Wurno. A bakin masallaci za ka ji Fulatanci da Hausa da Larabci a cikin gaisuwa ɗaya.

Da takarda ta shigo

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe aikin noman auduga na Jazira da kimanin fadan dubu 300. Fadan ma'aunin gona ne da ya ɗara eka kaɗan. Bayan an ƙara yankin Manaƙil aikin ya kai kusan fadan miliyan biyu. Gwamnati ta karɓi ƙasar haya daga masu ita a kan kirshi goma kowane fadan a shekara, ta yanka ta gona-gona, ana kiran kowace hawasha, ta fara raba wa masu ƙasar da danginsu. Sai dai auduga tana son hannu, kuma hannun da aka samu shi ne na alhazai da mutanen Darfur da Chadi. Su suka yi shuka da cira da tsinka. Lokacin karyewar kasuwar duniya a farkon shekarun 1930, da wasu manoma suka watsar da hawashominsu, an ba wasu mutanenmu, amma yawancinsu sun ci gaba da zama 'yan ƙodago da 'yan noman raba-daidai.

A ina aka zaunar da su? A nan ne kalmar kambo ta shigo, jam'inta kanabi, wadda ake cewa daga kalmar Turanci ta sansani aka aro ta. Kambo shi ne matsugunin leburori a kan ragowar ƙasar da aikin bai shuka ba: gefen babbar hanyar ruwa, bakin magudana, kusurwar da ba ta shiga awo ba. Kamar zangon daji, ba a biyan haya. Kamar zangon daji, sharaɗinsa shi ne na wucin gadi ne. Amma duk dokokin da dattijon nan ya lissafa mini an karya su a kambo, domin ba jagaba ne ya zaɓi wurin ba. Yana bakin ruwa, cikin sauro da tsargiya, a kan ƙasar da ba a yarda ka yi gini mai ɗorewa ba. Na shiga wani kambo da aka ce mini ya girmi 'yancin kan Sudan na 1956. Yara suna ɗiban ruwan sha daga ƙaramar hanyar ruwan da ake kira Abu Ishirin, makaranta kuwa sai sun taka zuwa ƙauyen maƙwabta.

Dokar ƙasa ta 1925 ta ɗauki duk daji da ƙasar da ba kowa a kai a matsayin ta gwamnati sai in an kawo hujjar akasin haka. A 1970, zamanin Numairi, aka yi dokar da ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, a 1971 kuma aka rushe mulkin gargajiya. Ma'anar wannan ga mutanenmu a fili take. Izinin da shehin ƙauye ya ba kakanka da baki, a gaban dattawa, da fatiha, ba shi da gurbi a cikin kundin rajista. Kuma ƙasar da ta zama ta gwamnati ba ta zama ta kowa ba, ta zama ta wanda gwamnati ta ba. Tun daga 1968 hukumar noman injina ta riƙa yanka manyan filaye a Gadarif da Shuɗin Nilu tana ba 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, burtali da makiyaya da dajin da alhazai ke sauka suka shige ƙarƙashin tarakta. Ga kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mutanen Mai Wurno sun makara da shekara tara. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, amma tambayar "daga ina kuka zo" ba ta bar bakin mutane ba.

Wani lokaci a shirin labaran duniya na karanta cewa a Amurka akwai filayen gwamnati masu faɗi da kowa zai iya kafa tanti ya kwana kyauta, galibi har kwana 14, sannan ya matsa. Na tuna da kambo. Can an rubuta adadin kwanakin, kuma mai tantin yana da gidan da zai koma. A Jazira ba wanda ya rubuta ranar tashi, ba wanda kuma ya rubuta ranar da baƙo zai daina zama baƙo.

Abin da ya biyo baya

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta tasu a cikin tsarin mulkin gargajiya da aka dawo da shi. A Sudan sarauta tana tafiya da ƙasa, saboda haka waɗancan suka ɗauki buƙatar a matsayin neman mallakar ƙasar kakanninsu. Adalci ne a faɗa cewa su ma an cuce su: manyan gonakin injina sun cinye musu daji, madatsar Rusairis da aka gama a 1966 aka kuma ƙara mata tsawo a 2013 ta tashi ƙauyuka da dama. Talaka biyu ne aka bari suna kokawa a kan ragowar tabarma. Fiye da mutum 100 suka mutu a Yuli, a Oktoba kuma aka kashe kimanin 200 a yankin Wad al-Mahi. Dubbai suka gudu Sinnar da Farin Nilu, suka kwana a makarantu da filin Allah. Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartum da Kasala da wasu birane.

Sai babban yaƙi ya zo a watan Afrilun 2023. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, soja suka ƙwato ta a Janairun 2025, kuma a cikin wannan juyi aka kai hare-hare kan mazauna kanabi bisa zargin sun taimaki abokan gaba. A Kambo Ɗayba kaɗai ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26. Mazauna kanabi ba Hausawa kaɗai ba ne, da yawansu asalinsu Darfur ne da Chadi, amma abin da ya haɗa su ɗaya ne: an haife su a wurin da takarda ta ce ba a zaune suke ba.

Lambar wayar jikan dattijon nan ta daina shiga tun farkon 2024. Nakan gwada ta lokaci-lokaci. Faifan muryarsa yana nan a kwamfutata, kuma na sa shi a shirin sau biyu. A karo na farko na yi fatan tsohuwar Bichi tana saurare, domin amsarta ce: yayanta ya kwana kusa da tsohon murhu, bayan an gaida shehi, a cikin shingen ƙaya, kuma mai yiwuwa mutanen da bai san harshensu ba sun aiko masa da tuwo. Wannan alheri ya faru, bai kamata zafin yau ya sa mu manta da shi ba.

Amma ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki wannan labarin Sudan kaɗai. A nan gida akwai rugage da unguwannin baƙi da sansanonin 'yan gudun hijira da aka ba wuri da baki, aka ce su ɗan zauna kafin abubuwa su lafa, yau yaransu sun yi aure a wurin. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Ranar da filin ya yi daraja, wa zai tuna da fatihar da aka yi? Ba wa mutum wurin kwana abu ne mai sauƙi, kakanninmu sun samu, mu ma muna bayarwa. Abin da Jazira ta kasa yi cikin shekara ɗari shi ne ta zauna ta ce daga yau wannan zango gari ne, mutanensa 'yan gari ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, ya ba Sudan zaman lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.